Tafiya da yaro bayan mutuwar aure: matakan da ake bi kafin a kai ga rigima, da abin yi idan an kai

Tambayar ko uwa ko uba na iya tafiya da yaro bayan an rabu ta ƙi ƙarewa, musamman in dogon hutu ya matso ko lokacin Umarar azumi. Wata tace tsohon mijinta na son tafiya da yara Abuja hutu ita kuma hankalinta bai kwanta ba gani take ba zai dawo dasu ba, wani yace uwar 'ya'yansa ta samu aiki a Legas tana shirin kwashe su bata ko faɗa masa ba, wata kuma fasfo take son yi wa ɗanta uban yace ko sama da ƙasa zasu haɗe ba zai sa hannu ba. Toh ga yadda ake bi. Ina magana ne kan auren Musulunci a Arewacin Najeriya inda alƙalai ke hukunci da mazhabar Malikiyya. Waɗanda suka yi auren rajista, tasu shari'ar a Babbar Kotun jiha take ƙarƙashin dokar aure ta 1970, amma maganar takardu da yarjejeniya duk ɗaya ne.

1. Fara sanin riƙon yaron a hannun wa yake

Mutane da yawa a nan suke fara ɓata lissafi. A al'ada an saba cewa da an yaye yaro ko ya kai shekara 7 uba zai aiko a ɗauko masa ɗansa, har ana ganin kamar addini ne ya faɗi haka. A Malikiyya ba haka bane. Riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. In uwar ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙon ba wajen uba yake tsallakawa kai tsaye ba, kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, sai a gangaro kafin a zo kan uba. Shi uba shine waliyyi, ci da sha da sutura da magani da kuɗin makaranta duk a wuyansa suke ko yaron na hannun wa, kuma yana da haƙƙin ganin ɗansa da sa ido kan tarbiyyarsa da karatunsa.

Abinda za'ayi a wannan matakin: in akwai hukuncin kotu kan riƙo, aje wajen rajistara a karɓi kwafi mai hatimin kotu, a biya a karɓi rasit, ayi hoto uku ko huɗu a ajiye na asalin a gida. In babu hukunci, baki da baki aka rabu, toh ku sani komai a buɗe yake.

Gargaɗi: takardar saki ba takardar riƙo bace. Ina ganin mata suna fito da ita a matsayin hujja, ba abinda take nunawa sai cewa aure ya mutu.

2. Wace irin tafiya ce, ziyara ko ƙaura

Duk shari'ar a nan take, don haka zan ɗan daɗe.

Malaman Malikiyya sun raba tafiya gida biyu. Akwai wadda za'a je a dawo, biki, hutu, asibiti, fatauci, Umara. Wannan bata taɓa riƙo, uwa in zata je Sakkwato suna ta kwana biyar ta dawo ba wanda zai ce ta rasa ɗanta saboda haka, shi ma uba in fatauci zai tafi bashi da ikon cewa sai ya tafi da yaron. Sai kuma tafiyar ƙaura, wato a tashi da niyyar zama can. A Mukhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, an ƙayyade nisan da baridi 6, mil 72 kenan, ya haura kilomita 100. In uwa zata ƙaura nisan da ya kai haka uba na iya neman a karɓi yaron, in kuma uba ne zai ƙaura yana iya neman tafiya da ɗansa, a ce wa uwar ko ta bi su garin ta ci gaba da riƙo ko ta haƙura.

Amma fa da sharuɗɗa, kuma iyaye maza na yawan tsallake su. Sai ya rantse cewa zama zai yi da gaske ba dabarar raba ta da ɗanta bace. Sai garin da za shi akwai aminci, hanyar ma akwai aminci. Kuma sai yana da macen da zata kula da yaron a gidan. Wannan sharaɗi na amincin hanya a zamanin nan ba ƙaramin abu bane, wanda zai ce zai bi da yaro hanyar Birnin Gwari ko ya ratsa dazukan Zamfara da yamma, uwa na da cikakken bakin magana gaban alƙali.

A aikace kaga daga Kano zuwa Wudil bai kai wannan nisan ba, Kano zuwa Kaduna kuwa ya wuce kilomita 200, balle Abuja ko Legas. Sai dai kar a riƙe ma'auni kaɗai. Katsina zuwa Maraɗi bai cika kilomita 100 ba amma wata ƙasa ce, sammacin alƙalin Katsina baya aiki a can. A ganina duk tafiyar da za'a tsallaka iyaka a ɗauke ta da nauyin ƙaura ko da kwana uku aka ce za'ayi.

Gargaɗi gareki uwa: kar ki fara kwashe kaya, ki cire yaro daga makaranta ki sa shi wata a sabon gari sannan ki zo kina cewa hutu kuka je. Rasit ɗin sabuwar makarantar kawai ya isa ya ƙaryata ki.

3. A sanar da wuri, kuma a rubuce

Tafiyar cikin gida a bada kamar sati biyu, ta ƙasar waje wata biyu zuwa uku saboda fasfo da biza. Saƙon ya ƙunshi ina za'a je, ranar tafiya, ranar dawowa, gidan wa za'a sauka, da wa za'a tafi, mota ko jirgi, da lambar da za'a samu yaron. A tura ta WhatsApp ko tes a rubuce, a ɗauki hoton saƙon yadda kwanan wata zai fito. In kunya ko ɓacin rai bazai bari kuyi magana kai tsaye ba, a bi ta waliyyin da ya bada auren ko yayan uban, shi ma dai ya tura a rubuce.

Gargaɗi: kar a aika yaro da saƙon. "Ka faɗa wa babanka zamu tafi" ba sanarwa bace, kuma ɗora wa yaro kayan da ba nasa ba ne. Sannan a kiyaye harshe, muryar da kika tura cikin fushi kina cewa wallahi bazai ƙara ganinsu ba, ko wadda ka tura kana cewa sai ka raba ta dasu ko ta halin ƙaƙa, ita za'a kunna a kotu kowa na ji.

4. Zaman sulhu da rubuta yarjejeniya

Tun ran gini tun ran zane, ranar da ake lissafin kuɗin idda da ciyarwa ya kamata a gama wannan maganar, amma in ba'ayi ba yanzu ma bata ɓaci ba. A zauna da mutum ɗaya ko biyu daga kowane ɓangare, waɗanda ake jin maganarsu, ba taron dangi ba. In gida ya gagara akwai mai unguwa, limami, ofishin Hisba a jihohin da suke da ita, ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a Kano kuma akwai sashen sulhu na Babbar Kotu.

Abubuwan da dole su shiga takardar:

Hutu. Wane hutu yaro zai yi wajen wa, kwana nawa. Kar a rubuta "zai dinga zuwa hutu", a rubuta misali sati uku na farkon dogon hutu wajen uba, a dawo dashi saura sati ɗaya a koma makaranta.

Sallah. Nan aka fi samun hayaniya. Mafi sauƙi ƙaramar Sallah nan babbar Sallah can, baɗi a juya.

Wa zai ɗauko wa zai mayar, a ina, ƙarfe nawa, wa zai biya kuɗin mota. Ni dai ina ganin wanda ya nemi tafiyar shi ya ɗauki kuɗin zuwa da dawowa, yafi yanke gardama.

Waya. Ranaku da lokacin da yaro zai yi magana da wanda aka bari a gida.

Ba tafiyar dare, ba bada yaro ga direban tasha shi kaɗai, ba wucewa dashi wani gari daban da wanda aka rubuta.

Fasfo da takardar haihuwa a hannun wa zasu zauna, da kwana nawa za'a mayar bayan an dawo.

In wani zai ƙaura, wata nawa zai bada sanarwa.

Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a rubuta kwanan wata, kowa ya tafi da nasa kwafin.

5. A kai yarjejeniyar kotu ta zama hukunci

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa saboda ana ganin shiga kotu tonon asiri ne. Takardar da aka rubuta a zaure ko a ofishin Hisba hujja ce mai kyau amma ba hukunci bace, in ɗaya ya saɓa ba wanda zai tilasta shi da ita kai tsaye. Ku je Kotun Shari'a ta yankin da yaron yake zaune, a Abuja kotun yanki ce, a shigar da magana a gaya wa alƙali an yi sulhu ana so ya tabbatar. Zai tambayi kowa ko da yardarsa, ya rubuta. Kuɗin shigar da ƙara a waɗannan kotunan bai taka kara ya karya ba kuma ba dole sai da lauya ba. Duk abinda aka biya a nemi rasit.

6. Takardun tafiya

Cikin gida: kwafin takardar haihuwa, kwafin hukunci ko yarjejeniya, katin asibitin yaro. In ba uwa ko uba ne zasu raka shi ba, mai rakiyar ya riƙe wasiƙa daga wanda riƙo ke hannunsa da lambar waya, domin jami'an tsaro da na NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, na tsayar da babba da yaro in suka ga abin bai yi musu ba.

Ƙasar waje, bi da bi:

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin da asibiti ke bayarwa ba ita bace.

Lambar NIN ta yaron. Yin rajistar kyauta ne a hukumance.

Fasfo. Ana cikewa a biya ta intanet a shafin hukumar shige da fice, sannan a kai yaron da kansa a ɗauki hotonsa. Ana neman wasiƙar amincewar iyaye da shaidar zama ɗan ƙasa ta iyayen. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne a cikin Najeriya, kuma shi ake yi wa yara.

Wasiƙar amincewa da tafiyar daga wanda ba zai je ba. A yi ta a matsayin takardar rantsuwa a Babbar Kotu, 'yan dubbai ne, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Ofisoshin jakadancin Turai da Ingila na neman amincewar iyaye biyu ko hukuncin kotu da ya nuna riƙo na hannun mutum ɗaya. Da Turanci ake rubuta ta amma ma'anar kenan: ni wane, mahaifin wane da aka haifa ranar kaza mai fasfo lamba kaza, na amince ya tafi ƙasa kaza tare da mahaifiyarsa wance daga ranar kaza zuwa ranar kaza, zasu sauka a adireshi kaza.

Katin allurar shawara, ga masu zuwa Saudiyya kuma har da ta sanƙarau da ta shan inna.

Gargaɗi: kar a sa hannu kan wasiƙar da ba ranar dawowa, ko wadda aka rubuta "duk ƙasar da suka ga dama". Tafiya ɗaya wasiƙa ɗaya.

Gargaɗi na biyu, kuma da babbar murya: kar a ƙirƙiri sa hannun uba, kar a kawo ƙaninsa ya tsaya a matsayinsa, kar ayi rantsuwar cewa ya rasu ko ba'a san inda yake ba alhali yana nan. Akwai 'yan kan hanya a bakin ofis da zasu ce zasu haɗa miki komai. Wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, kuma ranar da ya fito kin miƙa masa riƙon da hannunki.

Sai suna. Ya zama iri ɗaya harafi da harafi a takardar haihuwa da NIN da fasfo. Yaron da aka sa masa sunan kakansa ko na mijin uwarsa a makaranta, takardar haihuwa kuma na ɗauke da na ubansa, a gyara tun kafin a biya kuɗin fasfo, gyaran na cin makonni.

Kuma kar a sayi tikitin da ba'a mayar da kuɗinsa sai wasiƙar amincewa ta shigo hannu.

7. In ɗayan ya ƙi amincewa

Ba'a ɗaukar yaro a ɓoye. A koma kotun da tayi hukuncin riƙo, in babu a shigar da sabuwar ƙara, a nemi izinin tafiya. A tafi da hujja: takardar asibitin da aka tura yaron, ko ta makaranta, ko gayyata, shaidar za'a dawo kamar aiki ko kasuwanci ko sauran yara a gida, saƙonnin da aka tura masa ya ƙi amsawa. In zaki iya kawo wani babba a danginki ya tsaya miki cewa za'a dawo da yaro, yana ƙara wa maganar nauyi sosai. Alƙali maslahar yaro yake dubawa, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma da wannan ta buɗe.

Kai kuma mai ƙin sa hannu, ka zo da dalili. Rashin tsaro, jarrabawa na tafe, an taɓa tafiya dashi ba'a dawo kan lokaci ba, waɗannan dalilai ne. Haushin ta ƙi komawa ɗakinta ba dalili bane, kuma hana yaro mai ciwon zuciya ko sikila fita neman magani don a ƙuntata wa uwarsa zalunci ne kan ɗanka. Haka ke ma, hana shi tafiya da yara su ga kakarsu don bai kawo kuɗin wata ba, haɗa shari'a biyu ne. Kuɗin ciyarwa ki kai ƙararsa daban, kotu zata yanka masa.

Wanda hukunci bai yi masa daɗi ba yana da damar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bata hurumin maganar riƙon yara. Akwai wa'adi, galibi kwana 30, a tambayi rajistara a ranar da aka yanke. Marasa halin ɗaukar lauya su nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar bada lauya kyauta, na jiharsu, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

8. In kana tsoron za'a fita da yaro a ƙi dawowa

Alamun sanannu ne, an sayar da kayan ɗaki, an nemi takardar canjin makaranta, ana tambayar takardar haihuwa ba dalili, yaro yazo yana cewa an kai shi an ɗauke shi hoto a wani ofis. Kar a jira. Aje kotu a nemi odar gaggawa ta hana fita da yaron daga jihar ko ƙasar har a gama shari'a, a roƙi a ajiye fasfonsa wajen rajistara, in yana da fasfo biyu kamar yaran da aka haifa a Amurka a karɓi duka biyun. Lauya ya kai kwafin odar ofishin shige da fice da rubutacciyar wasiƙa a buga masa hatimin karɓa. A kai kwafi makarantar yaron a rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi.

Dalilin gaggawar: akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 wadda ƙasashe ke mayar wa juna yaran da iyaye suka gudu dasu, Najeriya bata cikinta. Ma'ana in yaro ya sauka Landan ko Jidda ko Dubai babu wata hanyar kai tsaye ta dawo dashi, sai ka ɗauki lauya a can ka fara shari'a da kuɗin can da dokar can. Mun san yadda ake tafiya Umara da yaro a bar shi wajen dangi a Makka, shekaru su wuce. Ta ƙasa kuma abin yafi sauƙi, a iyakar Nijar kamar Jibiya, Illela, Maigatari, Kongwalam, mutum na iya tsallakawa da yaro a kan babur ba wanda ya tambaye shi fasfo. Ga masu dangi a tsallaken iyaka, abinda yafi oda aiki shine manyan dangin can su san da yarjejeniyar, a samu ɗaya cikinsu ya zama shaida.

9. Ranar miƙa yaro

A yi a gidan kaka ko wani wajen da ba za'a ɗaga murya ba. A haɗa jaka da jerin abinda ke ciki. In yaron na shan magani a rubuta a takarda, wannan da safe ƙwaya ɗaya, wannan in zazzaɓi ya taso, ga sunan asibitinsa ga rukunin jininsa, a sa a leda a cikin aljihun jakar a nuna wa mai karɓa da hannu. Mai sikila a sa masa rigar sanyi da gorar ruwa ko da zafi ake. A ɗauki hoton motar da lambarta in ta haya ce, a tashi da sassafe. A rubuta lambar uwa da ta uba a ƙaramar takarda a sa a aljihun yaron.

Gargaɗi: banda kuka a gabansa da "in sun maka wani abu ka kira ni", banda yi masa tambayoyin 'yan sanda in ya dawo kan matar babansa ko mijin mamarsa.

10. In ranar dawowa ta wuce ba'a kawo shi ba

Rana ta farko a kira, a tura saƙo a rubuce, a sanar da shaidun yarjejeniyar, wataƙila mota ce ta lalace ko rashin lafiya. In kwana biyu zuwa uku suka wuce ana ta kwana-kwana ko an kashe waya, a ɗauki kwafin hukunci a koma kotun da ta yanke a nemi ta zartar, zata aika sammaci, in ya ƙi zuwa tana da ikon sa a kamo shi. In wata jihar aka kai yaron lauya zai nemi a bi ta kotun can. 'Yan sanda in kaje musu hannu rabbana cewa zasu yi maganar gida ce, da odar kotu a hannu ne suke rakiya.

Kar a tara 'yan uwa ko samarin unguwa aje ƙwato yaro da ƙarfi, kar a je a ɗauke shi a ƙofar makaranta ko islamiyya a ɓoye, mai gaskiya sai ya koma wanda ake tuhuma. Kuma kar a yi shiru ana cewa bari a ga iya gudun ruwansa, domin in watanni suka ja yaron ya shiga makaranta a can ya saba, ɗayan zai tsaya gaban alƙali yace ai da yardarki aka bar shi, ga shi baki taɓa magana ba. In ƙasar waje ce, a haɗa hukuncin da wasiƙar amincewa mai ɗauke da ranar dawowa, a kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tabbatar da hatiminsu, a rubuta wa ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar, sannan a nemi lauya a garin da yaron yake tun a makon farko.